Yaushe Maganin Ciwon Damuwa Yake Fara Aiki?

Daga Mai Wurno da ke gaɓar kogin Shuɗin Nilu har zuwa ƙauyukan Jazira, da wuya a sami gidan Bahaushe da bai ɗanɗana ɗacin waɗannan shekaru ba. Rikicin da ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu a watan Yulin 2022, ya sake tashi a Wad al-Mahi cikin Oktoba, ya raba dubban mutane da muhallansu. Ba a gama share hawaye ba sai yaƙi ya tashi a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023, ya ci Wad Madani a watan Disamba, ya isa Sinja a tsakiyar 2024. Da yawa sun koma gida, amma barci bai koma idanunsu ba. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya nuna cewa a wuraren da yaƙi ya shafa, kusan mutum 1 cikin 5 yana fama da wata lalura ta ƙwaƙwalwa, kuma ciwon damuwa da na fargaba suna cikin waɗanda suka fi yawa.

Baƙin cikin rashi ba cuta ba ne, kowa ya san shi. Abin da likitoci ke kira ciwon damuwa shi ne ƙuncin da ya wuce mako 2 yana danne mutum kullum: abinci ba ya ciyuwa, barci ya ƙaurace, jiki ya mutu, manomi ya kasa fita gona, uwa ta kasa kula da goyonta, mutum ya riƙa ganin kansa ba shi da wani amfani. Ciwon fargaba kuwa shi ne zullumin da ba ya yankewa, da faɗuwar gaba, da bugun zuciya, da rawar jiki ko da babu abin tsoro a kusa. Dukansu suna da magani. Inda gizo yake saƙar shi ne, da yawa daga cikin masu karɓar maganin suna watsar da shi tun bai fara aiki ba.

Dalili a fili yake. Mun saba da maganin zazzaɓin cizon sauro da ake sha kwana 3 a miƙe, da ƙwayar ciwon kai da ke aiki kafin shayi ya huce. Sai mutum ya sha maganin damuwa kwana biyar, ya ce: "Wannan ƙwaya ba ta karɓe ni ba." Alhali magungunan da aka fi bayarwa, waɗanda za a ga an rubuta fluoxetine ko sertraline ko amitriptyline a jikin kwalinsu, lissafinsu na makonni ne.

A mako na farko da na biyu, abin da aka fi ji shi ne wahalar maganin. Mai shan fluoxetine ko sertraline yana iya jin tashin zuciya, ciwon kai, ko rashin natsuwa. Mai shan amitriptyline yakan ji bushewar baki, nauyin barci, jiri idan ya tashi tsaye, da taurin bayan gida. Yawancin waɗannan suna lafawa da kansu. Tsakanin mako 2 zuwa 4 sai a fara ganin alamun sauƙi, kuma sau da yawa mutanen gida ne ke riga mara lafiya gani: barci ya ɗan daidaita, ya nemi abinci da kansa, ya amsa gaisuwa da sakin fuska. Walwalar zuciya ita ce takan zo daga baya. Cikakken amfanin maganin yakan bayyana tsakanin mako 6 zuwa 8.

Ciwon fargaba ya fi jan lokaci, yana iya kai mako 8 zuwa 12. Wani lokaci ma faɗuwar gaban takan ƙaru a kwanakin farko, shi ya sa likita yakan fara da kaɗan, sannan ya riƙa ƙarawa sannu a hankali. Wanda bai san haka ba sai ya zaci maganin ne ya ƙara masa ciwo.

Me ya kawo wannan jinkiri? Ƙwayar tana shiga jini cikin sa'o'i kaɗan, tana ƙara yawan sinadaran da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da su, musamman wanda ake kira sirotonin. Amma ƙaruwar sinadarin ba ita ce warkewa ba. Sai jijiyoyin sun saba da sabon yanayi, sun sauya yadda suke karɓar saƙo, sun gyara hanyoyin da ke haɗa su. Duk wanda ya taɓa ban ruwa a gonakin Jazira ya san cewa ruwa yana shiga gona ranar da aka buɗe masa hanya, amma auduga ba ta fashewa sai kwanakinta sun cika. Tun a shekarun 1950, lokacin da likita Roland Kuhn ya gwada imipramine a kan masu ciwon damuwa a ƙasar Suwizalan, aka lura cewa sauƙin ba ya zuwa nan take, kuma magungunan da suka biyo baya ba su sauya wannan ba sosai.

Ba kowa ne maganin farko yake yi wa aiki ba. A wani babban bincike da aka yi a Amurka kan mutane kusan 4,000, wanda sakamakonsa ya fito a 2006, kusan kashi 1 cikin 3 ne kawai suka warke sarai da maganin farko. Wasu sai da aka sauya musu ko aka haɗa musu da wani. Don haka idan an cika mako 4 ana sha kullum babu ko alamar sauƙi, abin yi shi ne a koma wurin likita ko mataimakin likita, ya duba ko zai ƙara adadi ko ya sauya ƙwaya. Kada mutum ya ninka wa kansa, kuma kada ya ari na maƙwabci.

Kuskure na biyu yana zuwa ne bayan an sami lafiya. Mutum ya ji garau sai ya ajiye magani, bayan wata ɗaya ko biyu ciwo ya dawo. Ƙa'ida ita ce a ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan warkewa, littafin jagora na Hukumar Lafiya ta Duniya ma wata 9 zuwa 12 ya ce. Idan lokacin dainawa ya yi, a hankali ake ragewa cikin makonni. Yankewa farat ɗaya yana jawo jiri, mafarkai marasa daɗi, saurin fushi da ciwon jiki. Waɗannan magunguna ba sa bugarwa, ba sa sa mutum ya riƙa maitar su, amma jiki yakan saba da su.

Wannan batu ya fi shafar mutanen Jazira da Shuɗin Nilu, domin yaƙi ya ɗaiɗaita asibitoci da ɗakunan sayar da magani, hanyoyi kuma suna yankewa, musamman da damina. Wanda zai fara sha ya tambayi likita tun ranar farko inda zai riƙa samu, ya nemi na gaba tun na hannu bai ƙare ba, kuma ya adana kwalin ko takardar likita don ya nuna idan tafiya ta kama shi zuwa Sinnar ko Damazin ko Gadarif. Da azumi ma ba a dainawa. Tunda yawanci sau ɗaya ake sha a rana, likita zai iya mayar da shi sahur ko bayan shan ruwa.

Akwai abubuwan da ba a jira da su. Idan mara lafiya ya fara maganar kashe kansa, musamman matashi ɗan ƙasa da shekara 25 a makonnin farko, a kai shi asibiti a ranar, kuma kada a bar shi shi kaɗai. Haka nan idan ya daina barci gaba ɗaya, ya cika surutu da rawar kai da ɓarnar kuɗi, wannan alamar wani ciwo ne dabam da ke buƙatar magani dabam. Amitriptyline yana kisa idan aka sha da yawa, don haka wani babba a gida ya riƙe shi, nesa da yara. Mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon zuciya da mai farfaɗiya su faɗa wa likita kafin su fara. Kada a haɗa da tiramadol. Ƙwayoyin kwantar da hankali irin su Valium suna aiki nan da nan, amma ba sa warkar da ciwon, kuma suna kama mutum idan aka daɗe ana sha.

Babu wanda ya ce a bar addu'a ko zuwa wurin malam. Farfesa Tijani al-Mahi, wanda ake ɗauka uban likitancin ƙwaƙwalwa a Sudan, wanda kuma asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa na Umdurman ke ɗauke da sunansa, ya yi fice wajen girmama malaman addini da neman haɗin kansu a jinya. Abin da ake roƙon malamai da limamai shi ne su ce wa mara lafiya ya ci gaba da shan maganinsa, domin neman magani ba raunin imani ba ne. Ƙwaya kuma ba ita kaɗai ba ce: zama da mai ba da shawara, hira da wanda aka amince da shi, komawa sana'a kaɗan-kaɗan da shiga jama'a duk suna cikin jinya, kuma idan ciwon bai yi tsanani ba su ake fara gwadawa.

Ɗan'uwa, idan a gidanku akwai mai shan wannan magani, ka rubuta ranar da ya fara, ka riƙa tuna masa kullum, kada ka yanke hukunci kafin mako 4, kuma ka raka shi wurin likita ko an ga sauƙi ko ba a gani ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya zaunar da Sudan lafiya.