Sinadarin da ke Tayar da Ciwo, Yake kuma Kare Ciki

Ɗalibai da dama a Tukur-Tukur kan garzaya kemis neman ibuprofen da zarar ciwon mara ko na kai ya taso. Ko kun san aikinsa?

Jiki na sarrafa wasu sinadarai daga kitse, ana kiransu aikosanoyid. Furostagilandin na cikinsu, shi ke tayar da zogi da kumburi. A 1971 John Vane ya gano asfirin na hana jiki samar da shi. Ibuprofen ma haka yake yi.

Sinadarin na da amfani. A Shika, masana NAPRI kan yi wa shanu allurarsa don su nemi barbara lokaci guda. A jikinmu kuma yana kare bangon ciki, shi ya sa yawan shan ƙwayoyin ke jawo gyambon ciki. Idan ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a tafi asibiti.