Daga guntun mashi zuwa kulkin ɗan sanda: Tarihin wata kalma

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Rano ko ta Kibiya ya san sanda ba baƙuwa ba ce. Makiyayi na saɓe da tasa, mafarauci na riƙe da gora, ɗan sintiri kuma da kulki. A cikinsu, kulki ne aka fi dangantawa da hukuma, kuma haka abin yake a Turanci.

Mutanen Ingila na kiran kulkin ɗan sanda "truncheon", wato gajeriyar sanda mai kauri da nauyi. Sun aro kalmar ce daga tsohon Faransanci, "tronchon", ma'ana guntun icce. Ita kuma tushenta "truncus" ne na harshen Latin, wato kututturen bishiya.

A ƙarni na 14, abin da kalmar ke nufi shi ne guntun mashin da ya karye. Daga baya ta koma sunan sandar da mai muƙami ke riƙewa a matsayin shaidar iko.

A 1829 Robert Peel ya kafa rundunar 'yan sandan birnin Landan. Kulkin katako aka bai wa jami'an sintirinta maimakon bindiga, don kada jama'a su ɗauke su tamkar sojoji. Haka kalmar ta manne wa wannan aiki.

Hausa ma ta bi irin wannan hanya. Bahaushe ya dubi abin da ke hannun jami'in, ya raɗa masa suna ɗan sanda.

Kafin zuwan Turawa, dogarai ne ke kamo masu laifi da umarnin sarki. A zamanin En'e, lokacin da ƙasar Rano ke ƙarƙashin Kano, aka samu 'yan doka, waɗanda dattawa ke tunawa da kulkinsu har yau. Bayan juyin mulkin 1966, gwamnatin soja ta rushe tsarin, aka shigar da su rundunar 'yan sandan Najeriya, wadda aka kafa tun 1930.

Yau Rano da Kibiya da Bunkure na ƙarƙashin masarautar Rano, bisa dokar jihar Kano ta 2024. Dogarai na nan a fada, amma kulki ya bazu zuwa hannun 'yan sintiri da masu gadi.

Nan ne gizo ke saƙar. Riƙe kulki bai bai wa kowa izinin dukan wanda ake tuhuma ba. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta haramta dukan mutum don tilasta masa amsa laifi, kuma jami'in da aka samu da aikata hakan zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 25. Aikin mai kulki shi ne kai wanda ya kama gaban hukuma lafiya ƙalau. Hukunci kuwa na alƙali ne.