Tsakanin PES da FIFA: gardamar maɓallai a gidajen gem na Hausawan Kudu

Matashin da ya bar Kano ko Sakkwato ya tafi neman kuɗi Fatakwal, Anacha ko Inugu, yakan ɗauki wata al'ada a yatsunsa ba tare da ya sani ba. Takan bayyana ne da dare, bayan an tashi daga kasuwa, idan ya zauna a gidan gem a Diobu, ko kusa da titin Bida a Anacha, ko a Asata ta Inugu, aka miƙa masa hannun PlayStation. Ɗan wasansa zai iso gaban raga, ya danna maɓallin da ya saba, sai ƙwallo ta tashi sama ta nufi gefen fili. ’Yan kallo su kwashe da dariya.

Dalilin a fili yake. A wasan Pro Evolution Soccer na kamfanin Konami, wanda ya fara fita da wannan suna a 2001, maɓalli mai alamar murabba'i shi ne na harbi, mai da'ira kuma na doguwar ƙwallo. A wasan FIFA na kamfanin EA, wanda ya faro a 1993, an juya su. Gudu ma haka: R1 a PES, R2 a FIFA. Wanda ya tashi da PES 6 na 2006 a kan PS2, ya shafe shekaru yana horar da babban yatsansa a kan tsari guda. Ana iya sauya tsarin kafin a take wasa, shi ya sa minti biyun farko kan tafi a gyaran maɓallai, masu jiran layi na tsaki.

Wannan mai sauƙi ne. Inda gardamar take da nauyi shi ne yadda wasannin biyu suka ɗauki bugun ƙwallo. Tsohon PES bai nemi abu mai yawa ba: ka nuna ɓangare, ka danna gwargwadon ƙarfin da kake so. EA kuwa ya yi ta ƙara sharuɗɗa. A FIFA 19 ya kawo dannawa ta biyu daidai lokacin da ƙafa za ta taɓa ƙwallo. In ka dace harbin ya yi kyau, in ka kuskure ya lalace. A FIFA 23, mai bugun fenareti sai ya jira wata da'ira da ke kewaye da ƙwallo ta tsuke, mai bugun tazara kuma ya zaɓi gurbin da zai doka a jikin ƙwallon da sandar analog ta dama.

Masu wasan besbol na kwamfuta a Amurka sun daɗe a irin wannan muhawara kan jifan ƙwallo. Wasan MLB The Show yana da tsohon tsari na zaɓar jifa da danna maɓalli kawai, da na ma'auni mai cika da ake tsayarwa a kan lokaci, sannan a 2021 ya ƙara wanda ake zana siffa da sandar analog. Mafi wuyar shi ne mafi ba da iko, ga wanda ya ƙware.

Sai dai wannan lissafi na mai na'ura a ɗakinsa ne. Hannun da ke gidan gem ya ratsa ɗaruruwan tafuka, ya sha gumi da ƙura, ya faɗi ƙasa ba adadi. Sandarsa ta saki, wani lokaci ɗan wasa ya yi ta tafiya shi kaɗai ba a taɓa komai ba. Tsarin da ke auna ƙaramin motsin yatsa, a irin wannan hannu, ya zama caca. Kuma da yake a yawancin wuraren wanda aka ci shi ke biyan kuɗin wasan, zaɓen hannu kan fi zaɓen ƙungiya zafi. Mai sayar da albasa ko mai tura baro da ya yini a rana bai zo ya yi asarar kuɗin abincin darensa saboda sandar da ta karkace ba.

A ganina, a nan tsohon tsarin ya fi adalci, domin maɓalli ya fi sanda jure wahala, kuma baƙo na iya koyonsa a zama ɗaya. Masu son sabon tsari suna da hujjarsu: yana bambanta gwani da mai sa'a. Amma gwanintar da ke bukatar awanni na atisaye ta fi samuwa ga yaron shago da ke kwana da na'urar.

Shi ma mai shagon yana da nasa lissafin. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kowane minti da janareta ke ruri kuɗi ne, sabon hannu na asali kuma ya yi tsada. Kamfanonin ma sun sauya: Konami ya mayar da PES zuwa eFootball a 2021, wasan da ya dogara sosai da intanet, EA kuma ya rabu da sunan FIFA a 2023 ya koma EA Sports FC. Shi ya sa tsofaffin PES, waɗanda masu gyara ke sabunta musu sunayen ’yan wasa da riguna, har yanzu suke da masu nema a shagunan da sayen data kullum zai cinye ribarsu.