Daga filin unguwa zuwa bencin CAF: matakalar da kocin Nijar ke hawa

Idan babban hutu ya zo, filayen unguwanni a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa sukan cika da gasar matasa. Kowace ƙungiya tana da wanda ake kira koci. Galibi babban yaya ne a fada, wanda ya buga ƙwallo har gwiwa ta tsayar da shi. Shi ke sayen ruwan leda, shi ke rabon riguna, shi ke zuwa ba iyaye haƙuri idan yaro ya yi dare a fili. Da yawa daga cikin ƴan wasan da suka sa rigar Mena a hannun irin waɗannan mutane suka fara. Sai dai a dokar ƙwallon ƙafa ta yau, komai gwanintar mutum, idan babu takarda a hannunsa akwai bencin da ba zai zauna a kai ba.

Hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta tsara aikin horarwa hawa biyar: lasisin D, sai C, sai B, sai A, sannan na ƙoli da ake kira Pro. Hukumar kowace ƙasa ce ke shirya kwasa-kwasan, a Nijar kuwa FENIFOOT, amma ba ta buɗe kowane mataki yadda ta ga dama. Akwai yarjejeniyar horar da masu horarwa da CAF ta kafa, kuma sai ta gamsu da malamai da manhaja da wurin karatu kafin ta amince wa ƙasa ta ba da takardar wani mataki. Shi ya sa kwas ɗin D ko C yake samuwa akai-akai, na A kuma a wasu ƙasashen Afirka an yi shekaru ba a buɗe shi ba.

Abin da ke canzawa daga hawa zuwa hawa

Matakin D na masu aiki da yara ne. Ba a buƙatar mutum ya san dabarun manyan ƙungiyoyi. Ana so ya iya shirya atisaye na awa ɗaya wanda kowane yaro zai taɓa ƙwallo sau da yawa, ba wanda yara ashirin za su yi layi suna jiran a zo kansu ba. Ana koya masa wasan ƴan kaɗan a ƙaramin fili, da yadda ake magana da ɗan shekara goma, da abin da zai yi idan yaro ya faɗi bai tashi ba. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, kuma har yanzu akwai masu ganin hana ɗan wasa ruwa a tsakiyar atisaye koyar da juriya ne.

A matakin C ake fara rubutu. Kocin zai zo da takardar atisaye da ya tsara: me yake son gyarawa yau, da wane motsa jiki, minti nawa, kuma yaya zai gane ko an gane. Ana tsayar da shi a fili da ƴan wasa, malami na gefe da biro yana duba shi. Tsofaffin ƴan wasa da dama a nan suke fara gane cewa iya buga ƙwallo daban, iya bayyana ta ga wani daban. Wanda ya yi shekara goma yana murza ƙwallo da ƙafar hagu ba lallai ya iya faɗa wa yaro inda zai ajiye ƙafar dama ba.

Daga B abin ya koma na manya. Ana maganar tsarin mako guda tsakanin wasa da wasa: ranar da za a matsa wa jiki, ranar da za a sassauta, ranar da za a zauna kan abokan karawa. Ana maganar yadda ƙungiya ke tsayuwa idan ƙwallo na hannunta, da idan ta ƙwace mata, da ƴan daƙiƙun da ke tsakani, waɗanda a cikinsu ake cin ƙwallaye da yawa. A matakin A kuwa, kocin ba mako yake tsarawa ba, kakar wasa ce gaba ɗaya. Yana da mataimaki, da mai horar da masu tsaron gida, da mai kula da ƙarfin jiki, kuma dole ya iya raba musu aiki. Zai zauna gaban bidiyon wasa ya yanka shi gunduwa-gunduwa, ya nuna inda aka yi kuskure. Pro ya ƙara da abubuwan da ba a fili suke ba: hulɗa da shugabannin ƙungiya, da ƴan jarida, da wakilan ƴan wasa, da yadda ake riƙe ɗakin da ke cike da mutanen da wasunsu suka fi kocin albashi.

Ba a haɗa matakan a shekara guda. Tsakanin kowace takarda da ta gaba sai mutum ya koma ya yi aiki da ƙungiya na wani lokaci, ya kawo shaidar abin da ya yi. Ita ma takardar ba ta har abada ba ce, ana sabunta ta da kwas na tunatarwa.

Inda ake maƙalewa

Tsakanin C da A ne yawancin masu horarwa na cikin ƙasa ke tsayawa, kuma dalilan ba na basira ba ne. Manyan kwasa-kwasan a Yamai aka fi yin su, inda cibiyar horo ta FENIFOOT take, kuma zango-zango ake yi, a je a dawo. Mai horar da matasa a Damagaram yana da tafiyar kusan kilomita 900 kafin ya iso. Ga kuɗin mota, ga masauki, ga shagon ko babur ɗin da zai bari, domin kaɗan ne ke rayuwa da aikin koci kaɗai. Sharaɗin yin aiki da ƙungiya shi ma tarko ne: ƙungiya ba ta ɗaukar wanda ba shi da takarda, takardar kuma ba ta samuwa sai ga mai ƙungiya.

Sai batun harshe. Darussa da jarrabawar rubutu da Faransanci ake yi. Wanda ya fito daga makarantar INJS ta Yamai, ko malamin motsa jiki na makarantar sakandare, ya shiga da ƙafar dama. Wanda ya bar aji tun yana firamare, ko da ya fi kowa karanta wasa, yakan daskare gaban takarda. Alhali a fili, da Hausa da Zabarmanci ake ba da umarni. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar bisa doka, kuma babu abin da ke cikin darasin D ko C da ba za a iya koyarwa da ita ba. Fassara littafin waɗannan matakai biyu aiki ne da bai kai kuɗin tafiyar Mena ɗaya zuwa waje ba.

Me ya sa za a damu? Saboda CAF ta daina kawar da kai. A gasar Zakarun Afirka da ta Confederation, babban koci sai yana da lasisin A na CAF ko abin da ya fi shi, wanda ya zo daga wata nahiya kuma sai da takardar Pro. A 2021 an hana Didier Gomes Da Rosa, Bafaranshen da ke horar da Simba ta Tanzaniya, zama a benci saboda takardarsa ba ta kai ba. Ƙungiyoyin Nijar ba baƙi ba ne a waɗannan gasa: AS FAN ta kai matakin rukuni na kofin Confederation a 2010, USGN ta maimaita a kakar 2021/2022. Ranar da Dan Kassawa ko Jangorzo ta Maraɗi, ko Espoir ta Damagaram, za ta samu irin wannan tikiti, tambayar farko ita ce ko wanda ya kai ta yana da izinin raka ta. Idan babu, sai a koma ga aron suna: a rubuta mai takarda a matsayin koci, mai aikin na gaskiya ya zauna cikin ƴan kallo yana aika saƙo ta waya.

Ga waɗanda ke waje

Ƴan Nijar da ke zaune a Turai, musamman tsofaffin ƴan wasa da ɗalibai, suna da wata ƙofar. Tsarin UEFA ya ƙayyade mafi ƙarancin awannin karatu: 60 a matakin C, 120 a B, 180 a A, 360 a Pro. A Faransa sunayen sun bambanta, BMF ke daidai da B, BEF da A, BEPF da Pro, kuma guraben na ƙarshen ƴan kaɗan ne a shekara. Can ma ba a wasa da dokar. Lokacin da Will Still ya karɓi Reims a 2022 ba tare da Pro ba, tarar da aka ɗora wa ƙungiyar yuro 25,000 ce a kowane wasa, sama da sefa miliyan 16. Zinedine Zidane da kansa sai da aka yanke masa dakatarwar wata uku a Sifaniya a 2014 kan batun takarda, lokacin yana tare da ƙaramar ƙungiyar Real Madrid, kafin a soke hukuncin. Mai shirin dawowa gida da takardar Turai ya kamata ya san cewa A ɗin UEFA kaɗai ba ta buɗe masa bencin gasar ƙungiyoyi ta CAF, abin da ya faru da kocin Simba ke nan.

A cikin nahiyar, Maroko ce ta fara buɗe kwas ɗin Pro na CAF, kuma a can Pitso Mosimane na Afirka ta Kudu ya karɓi tasa a 2022, bayan ya riga ya ɗauki kofin Zakarun Afirka sau uku. Masu bin Mena sun san sunan nan. Shi ne kocin Afirka ta Kudu a watan Oktoban 2011, ranar da ƴan wasansa suka yi canjaras da Saliyo suka kama rawa a fili, suna zaton bambancin ƙwallaye ya kai su gasar Afirka. Dokar kuwa ta ce sakamakon karawa tsakanin masu maki ɗaya ake dubawa, kuma Nijar ce ta wuce. Karanta ƙa'idar gasa ma yana cikin aikin koci.

Labarin Harouna Doula

Wanda ya amfana da wancan kuskure shi ne Harouna Doula Gabde, kuma labarinsa ya nuna iyakar abin da cancanta ke iya saya. A hannunsa Mena ta doke Masar, mai riƙe da kofi, da ci ɗaya a Yamai a watan Oktoban 2010. A hannunsa ta ci wasanninta uku na gida, ta samu gurbin gasar Afirka karo na farko a tarihi. CAF ta zaɓe shi gwarzon koci na shekarar 2011. Da aka zo gasar 2012 a Gabon da Equatorial Guinea, sai aka kawo masa Bafaranshe Rolland Courbis da sunan mai ba da shawara, kuma kafin a gama zagayen farko ragamar ta koma hannun baƙon. Mena ta sha kashi a wasanni ukun duka.

Bayan nan aka yi ta ɗauko na waje: Gernot Rohr, François Zahoui, Jean-Guy Wallemme, Jean-Michel Cavalli, Badou Zaki. Ba duka aka yi asara ba, Rohr ya kai ƙasar gasar 2013. Amma da aka miƙa wa Doula ƙungiyar ƴan wasan cikin gida, sai ya kai ta wasan kusa da na ƙarshe a gasar CHAN da aka buga a Aljeriya farkon 2023, bayan ta doke Kamaru da Ghana. A waɗannan shekarun kuma ƴan ƙasa ne suka yi ta ɗaga kofin Afirka: Djamel Belmadi a 2019, Aliou Cissé a 2022, Emerse Faé a 2024. Walid Regragui ya kai Maroko wasan kusa da na ƙarshe na kofin duniya a Qatar. Da wuya yanzu wani shugaban ƙungiya ya ce ɗan gida ba ya iyawa. Uzurin da ya rage masa shi ne takarda, kuma shi ne wanda kwas ke iya toshewa.

Nijar tana da murya a inda ake yanke irin wannan shawara, tun da aka zaɓi shugaban FENIFOOT na lokacin, Djibrilla Hima Hamidou da aka fi sani da Pelé, a majalisar FIFA a watan Maris na 2025. Maraɗi kuma ta riga ta karɓi baƙuncin wasannin gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 20 a 2019, tare da Yamai. Garin da ya iya saukar da ƙungiyoyin ƙasashe zai iya saukar da malaman CAF biyu da ɗalibai talatin na mako biyu, ya rage wa na Damagaram da Tawa nisan hanya.