Awon Ƙasa da Awon Ciki

Idan aka ce ƙasar gari ta gurɓace da dattin haƙar zinare, tambaya biyu ce ke tasowa: nawa ne gubar da ke cikinta, nawa ne kuma zai shiga jinin yaron da ya kai ta baki?

Ta farko tana da saurin amsa. A Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, na'urar hannu ta XRF aka riƙa ɗorawa a tsakar gida, cikin minti ɗaya ta nuna adadi. Mu na Ikara, Makarfi da Kudan ma ba mu yi nisa da irin wannan awo ba, domin cibiyar CERT ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tana auna sinadaran ƙasa.

Amma jimilla ba ta faɗin abin da ciki zai narkar. Shi ya sa ake awo na biyu. Ana tankaɗe ƙasar, a ɗauki giram ɗaya mai laushin da ke maƙale wa tafin yaro mai rarrafe, a zuba cikin ruwa mai tsamin ruwan ciki, a yi ta juyawa awa guda a zafin jiki, digiri 37. Abin da ya narke shi ne abin tsoro.

Ba kowace guba ce ke narkewa daidai da wata ba. Sinadarin asenik mai guba da ya kama tsatsar ƙarfe a ƙasa, da yawansa wucewa yake ya fita da bayan gida, har hukumar kare muhalli ta Amurka takan ƙiyasta cewa kashi 60 cikin ɗari ne ke shiga jiki inda ba a gwada ba. Dalmar Zamfara kuwa akasin haka ce. Masanan ƙasa na Amurka da suka gwada samfuranta sun tarar ruwa da iska sun riga sun mayar da ita nau'i mai saurin narkewa, injin niƙa kuma ya maida dutsen gari. A ƙurar sun ga asenik ma.

Ranar da yara ke suma, ba a jiran ɗakin gwaji. Na'urar hannu ce gaba. Sai dai kwashe ƙasa a zubo sabuwa aiki ne mai cin kuɗi, shi ya sa ƙauyen Bagega na Zamfara ya jira har 2013. Inda kuɗin ba zai isa kowane gida ba, ina ganin awon ciki ne ya kamata ya nuna ƙofar da za a fara shiga.