Harbin Bindiga a Ka: Abin da Tiyata Ke Iya Cetowa

Idan harsashi ya shiga ka, ɓarna biyu yake yi. Ta farko nan take ce: ya fasa ƙoƙon kai, ya tura ɓarɓashin ƙashi da gashi cikin ƙwaƙwalwa, ya yaga duk abin da ke kan hanyarsa. Wannan babu mai iya gyara ta. Ta biyu tana biyowa cikin sa'o'i: jini ya taru, ƙwaƙwalwa ta kumbura, ga shi ƙoƙon kai ba ya buɗawa, sai matsi ya tsayar da gudun jini. Ita likitoci ke ƙoƙarin tarewa.

Mafi yawan waɗanda aka harba a ka suna cikawa tun kafin a isa asibiti. Wanda ya iso da rai, akan fara daidaita numfashinsa da bugun jininsa, sannan a auna hayyacinsa da ma'aunin Glasgow, wanda aka ƙirƙiro a 1974, mai maki 3 zuwa 15. Masu maki 3 zuwa 5 da wuya su tashi, musamman idan an haska idanunsu baƙin idon bai motsa ba. Hoton CT ke nuna hanyar harsashin. Wanda ya ratsa ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu ya fi muni nesa ba kusa ba.

A ɗakin tiyata ana kwashe gudajin jini da mataccen nama da ɓarɓashin da hannu zai kai gare shi, a ɗinke tantanin ƙwaƙwalwa tsaf don kada ruwa ya zubo ko ƙwayoyin cuta su shiga. 'Yan uwa sukan damu sai an ciro harsashin, alhali idan ya yi nisa barinsa ake yi, domin tono shi ƙarin ɓarna ne. Idan kumburi ya tsananta, akan cire wani sashe na ƙoƙon kai na ɗan lokaci. Haka aka yi wa Malala Yousafzai, yarinyar da aka harba a ka, a Peshawar a 2012, daga baya aka rufe wurin da farantin titaniyam a Birmingham.

Waɗanda suka rayu sukan yi fama da farfaɗiya, shanyewar ɓarin jiki ko sarƙewar magana, kuma jinyar doguwa ce.

Jinkiri kuwa rai yake ci. A Najeriya, dokar 2017 ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, karɓar wanda aka harba nan take, ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba.