Iya Abubakar: Malamin Lissafin da Aka Ɗauke Daga Gaban Allo

Duk wanda ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ya san sunan Iya Abubakar, ko da bai san mai sunan ba, domin shi aka raɗa wa cibiyar kwamfutar jami'ar. Ka tambayi ɗalibai ko wane ne shi, wani zai ce tsohon shugaban jami'a ne, wanda ya ɗan bi labarin siyasa ya ce ai minista ne a zamanin Shagari, ɗan Adamawa kuma ya ce sanatansu ne. Duka sun yi gaskiya. Abin da ba kasafai ake tunawa ba shi ne sana'arsa ta asali, wadda ta jawo masa duk waɗannan kujeru: malamin lissafi ne, kuma na gaske.

An haife shi a Belel, a ƙasar Adamawa, cikin Disamban 1934. Zariya ta fara saninsa tun yana yaro, a makarantar nan da ta taso daga Katsina ta bi ta Kaduna, wadda ba a sa mata suna Barewa ba sai 1971. Daga nan ya tafi Kwalejin Jami'a ta Ibadan, lokacin tana ƙarƙashin Jami'ar Landan, ya fito da digiri mai daraja ta ɗaya a lissafi, sannan ya zarce Kambirij a Ingila ya yi digirin dakta. A zamanin, 'yan Nijeriya masu irin wannan takarda a lissafi ana ƙirga su da yatsu. Chike Obi, wanda ya buɗe ƙofar, a 1950 ya samu tasa.

To wane irin lissafi ya yi a Kambirij? Nan ne masu ba da tarihinsa sukan tsallake, alhali nan daɗin yake.

Idan ƙasa ta yi girgiza, ko aka fasa nakiya a cikin dutse, motsin ba ya tsayawa inda ya faru. Yana ratsa ƙasa iri biyu. Na farko yana matse dutse ya sake shi, gaba da baya, kuma shi ne mai sauri, yakan ci kimanin kilomita 6 cikin sakan guda a duwatsun da ke kusa da doron ƙasa. Na biyu yana kaɗa dutsen gefe da gefe, yana cin kimanin kilomita 3.5, kuma ba ya ratsa ruwa. Tun da tare suka taso amma ɗaya ya riga ɗaya isowa, tazarar da ke tsakaninsu ita ke tona asirin nisan wurin. Idan na'ura ta nuna na biyun ya makara da sakan 10, girgizar ta faru ne a nisan kilomita 84 ko kusa da haka, wato kamar daga Zariya zuwa Kaduna. Ɗan sakandare da ya iya raba nisa da gudu zai fitar da wannan a bayan littafinsa.

Wahalar tana farawa ne idan motsin ya ci karo da iyaka, inda wani irin dutse ya ƙare wani ya fara. Wani sashe zai dawo, wani ya wuce, wani ma ya rikiɗe daga iri na farko zuwa na biyu. In iyakar a miƙe take sumul, lissafin ya daɗe da samuwa. Amma cikin ƙasa ba a daɓe yake ba, tudu ne da kwari. Wanda ya leƙa fuskarsa a ruwan ƙwarya yana kwance, sannan aka taɓa ƙwaryar, ya ga abin da rashin daidaiton fili ke yi wa hoton da ya dawo. Takardun da Iya Abubakar ya wallafa daga 1962 a mujallar masana ta Kambirij a kan wannan suke: yadda irin wannan motsi ke warwatsuwa idan ya bugi fili mai gargada. Kada a ɗauka wasan ƙwaƙwalwa ne kawai. Da sauraron irin wannan amsa-kuwwa masu neman man fetur ke zana taswirar abin da ke ƙarƙashin ƙasa kafin su kafa injin haƙa, a ƙasar da ta tono manta na farko a Oloibiri cikin 1956.

Mutum mai irin wannan ilimi yana da inda zai zauna a duniya. Ya koyar a Jami'ar Mishigan a Amurka a 1965 zuwa 1966, ya sake komawa Amurka, wannan karon Niyok, a 1971 zuwa 1972. Amma Samaru ce gida, kuma a 1967 ya zama farfesan lissafi a jami'ar da ba ta wuce shekara 5 da buɗewa ba. A duba shekarar da kyau. Rikicin 1966 ya riga ya kwashe ɗimbin mutanen Gabas daga Sabon Gari da sauran garuruwan Arewa, cikinsu har da malamai da akawuna da ma'aikatan jirgin ƙasa, ga yaƙin basasa ya kunno kai. Yawancin malaman jami'ar baƙi ne daga ƙetare. Babbar matsalar kuwa ba ta cikin jami'a ba ce, a ƙofarta take. Sakandaren Arewa kaɗan ne, masu aji na share fagen jami'a a fannin kimiyya sun fi kaɗan, don haka ga kujeru a sashen injiniya da likitanci amma babu yaran da za su hau.

A irin wannan hali, aikin farfesan lissafi ya wuce rubuta takardun da mutum ɗari za su karanta a duniya. Duk mai son zama injiniya, ko masanin kimiyya, ko malamin sakandare a Gusau ko Potiskum, sai ya bi ta gaban allon sashen lissafi. Jami'ar ta buɗe makarantar share fage a farkon shekarun 1970 don ta riƙa shirya ɗalibanta da kanta, sannan a 1976, lokacin Iya Abubakar na shugabancinta, aka kafa jarrabawar IJMB, wadda har yau take kai yara aji biyu na jami'a kai tsaye.

A daidai wannan zamani ƙasar ta shiga wata rigima a kan lissafin yara. Tun 1962 masana daga Amurka da Afirka suke taruwa a Entebbe ta Yuganda suna rubuta littattafan abin da aka kira lissafin zamani, wanda ke fara wa yaro da rukunin abubuwa da dalilin ƙa'ida kafin haddar jadawalin sau. Grace Alele-Williams na cikin waɗanda suka tsaya masa a Legas. Tunanin ba laifi. Sai dai an miƙa littafin ga malamin da shi kansa ba a koya masa ba, ga shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa maƙil, ana ta horar da malamai cikin gaggawa. Iyaye suka fara ƙorafin yaro ya san zanen da'ira a cikin da'ira amma bai iya ba da canji ba. A Janairun 1977 kwamishinan ilimi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya soke shi daga firamare. A ganina an yi lissafin dokin Rano sau biyu: da aka kawo shi ba a shirya malami ba, da aka cire shi ma ba a shirya malami ba.

Shi dai wannan Ahmadu Ali, sunansa ne ya zama taken zanga-zangar da ta kawo ƙarshen zaman Iya Abubakar a Samaru. Ya karɓi shugabancin jami'ar a 1975 bayan Ishaya Audu. A Afrilun 1978 aka ƙara kwabo 50 a kuɗin abincin ɗalibai na yini, ƙungiyarsu ta ƙasa ƙarƙashin Segun Okeowo ta ce ba ta yarda ba. Aka harbe ɗalibi a Legas, a Samaru ma sojoji suka buɗe wuta aka yi asarar rayuka. Gwamnatin Obasanjo ta haramta ƙungiyar, shugabannin jami'o'in Legas da Zariya kuma suka rasa kujerunsu, a kan ƙarin da ba su suka yanke shi ba.

Sauran labarin na siyasa ne, kuma a gurguje yake: ministan tsaro da na harkokin cikin gida a Jamhuriya ta Biyu, sannan sanatan Adamawa ta Arewa daga 1999 zuwa 2007. Shekara 8 ya yi a Majalisar Dattawa, daidai da shekarun da ya yi a kujerar farfesa kafin a ba shi shugabanci. Ba na ganin laifinsa, don a lokacin Arewa na da ƙarancin masu ilimi, ko'ina jan su ake yi, shi ma tun 1972 Babban Bankin Nijeriya ya sa shi cikin daraktocinsa. Amma ministoci mun yi su da yawa, wasu ko sunansu ba a tunawa. Wanda zai tsaya gaban allo ya warware wa ɗan shekara 19 yadda motsi ke ratsa dutse, a Arewar 1975 ba su da yawa, kuma hanyar da muka sani ta girmama irinsa ita ce mu raba shi da alli.

Wannan ɗabi'a ba ta tsaya a jami'a ba. Je ka kasuwar Sabon Gari ka tsaya wurin mai awon hatsi, ka ga yaron shago yana haɗa kuɗin tiya bakwai da rabi, ya cire bashin jiya, ya ba da canji, duk da ka, kafin mai saye ya gama lalubo kalkuletar wayarsa. Yaron nan ne kuma gobe zai zauna a aji ya ce shi kansa ba ya ɗaukar lissafi. Kansa lafiya lau. Ba a samu wanda ya nuna masa cewa harafin da ke cikin littafin New General Mathematics bashin jiyan nan ne da ba a faɗi adadinsa ba. Shi ya sa da zarar jarrabawar WAEC da NECO ta matso, azuzuwan lesin na yamma ke cika daga Samaru zuwa Kwangila har Muciya, iyaye na biyan kuɗi sau biyu a kan darasi ɗaya.

Malaman da suka iya wannan nunin suna nan, kuma kowace makaranta ta san nata. Sai dai tsanin ƙarin girma a aikin koyarwa waje yake fita da mutum. Idan ya yi fice, sai a ba shi mataimakin shugaban makaranta, ya koma kan rajista da jadawalin darussa da rigimar iyaye, daga nan a kira shi ma'aikatar ilimi. Ajinsa na 'yan shekarar ƙarshe kuma a miƙa wa ɗan bautar ƙasa, wanda wataƙila tattalin arziki ya karanta, wanda kuma wa'adinsa zai iya cika ya tattara kayansa tun kafin yaran su shiga ɗakin jarrabawa.